Yayen Kuringar Malbasiya

A shekarun da na yi ina koyar da Labarin Ƙasa a wata sakandare kusa da Zariya, duk zangon karatu na biyu sai na zana wa 'yan aji uku taswirar Bahar Rum a allo, in sa su maimaita cewa can rani zafi ne ba ruwa, hunturu kuwa ɗumi da yayyafi, abin da ake nomawa kuma zaitun ne da lemo da inabi. Su rubuta, ni in ba su maki. A coci ma tun muna yara muke jin kuringar inabi a wa'azi, har mun san irin darussan da ake cirowa daga gare ta. Amma da ni, da ɗaliban, da faston, babu wanda ya taɓa ganinta da ido. Ni dai a raina na ajiye ta wani wuri tsakanin kabewa da tsada.

Sai a ƙarshen shekarun tamanin, da na zo New York ƙaro karatu, uwargida kuma ta sami aikin jinya, muka kama haya a hawan ƙasa na wani gidan katako a unguwar Stapleton, kan wani tsibiri na birnin. Mai gidan wani tsoho ne ɗan Italiya, matarsa ta rasu, yana zaune a hawan sama shi kaɗai. Ya yi rayuwarsa yana aikin famfo, don haka rumfar da ke bayan gidan duk da tsofaffin bututun ruwa ya haɗa ta. A watan Fabrairu muka tare. Na leƙa ta taga na ga wasu busassun igiyoyi sun nannaɗe bututun, gindinsu kuma an lulluɓe shi da tsohon kafet an ɗaure. Na ce wa uwargida idan gari ya yi ɗumi zan taimaki tsohon nan in share masa wannan tarkace. Allah ya taimake ni ban faɗa masa ba.

Ashe kuringar inabi ce, sunanta Malbasiya. Haka ya gabatar mini da ita, kamar yadda ake gabatar da babbar 'ya ga baƙo. Farar inabi ce ta yin giya, tsohon iri da kakanninsa suka gada a ƙauyensu na kan tudu. Mahaifinsa ne ya zo da ita, sandar da ba ta fi tsawon hannu ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce a ƙauyen ma yanzu an tumɓuke irinta an shuka masu yawan haihuwa. Tun da ya ji ni malamin makaranta ne yake kirana Farfesa. Na yi ƙoƙarin gyara masa, ya ce a garinsu duk mai riƙe alli haka ake ce masa. Na karɓi ƙarin girman, tunda jami'a ba ta nuna alamar za ta ba ni ba. Ni kuwa Baba nake ce masa.

Ni ɗan manomi ne, kuma abin da na sani shi ne, shukar da kake so sai ka ba ta taki ka ba ta ruwa. Baba ba ya ba ta ko ɗaya. Ya ce inabin da ya ƙoshi ganye yake yi, wanda ya ji ƙishi shi ke zurfafa saiwa ya tara zaƙi. Ƙasar gindinta rabi yashi ce, shi da mahaifinsa suka yi ta jido shi daga bakin teku a buhuna, domin akwai wani ƙwaro mai cin saiwa da ba ya iya tafiya cikin yashi. A farkon Maris, kafin ruwan jikinta ya motsa, sai ya fito da almakashi ya yi mata aski irin wanda a garinmu da an kai mutum gaban mai unguwa a kansa. Kusan duk abin da ta yi shekara tana haifarwa sai ya zubar, ya bar 'yan rassa kaɗan, kowanne da idanu ƙalilan. Waɗanda ya bari ya ɗaure su a bututu da yagaggen tsumman tsofaffin zannuwan gado, ba ya yarda da waya, wai tana yanka.

Damina ce babbar abokiyar gabarsa. Malbasiya 'yar busasshiyar ƙasa ce, New York kuwa a watan Yuli iska kanta jiƙa take. Da ganye ya soma furfura sai ya barbaɗa masa farar wuta, ko ya fesa wani shuɗin ruwa na tagulla da ya rina masa farce har abada. Yakan cire ganyen da ke gefen gabas don ranar safe ta shanya raɓa, ya bar na yamma ya kare 'ya'yan daga ƙuna. A Satumba nonnan inabin su yi ruwan zuma, ƙanana, da ɗigo-ɗigo kamar fuskar mai ƙyasfi, ƙamshinsu ya cika bayan gida har zanzaro ya zo ɗaurin aure. Ba mai daɗin ci ba ne irin na kanti: fatar da kauri, ƙwallon ciki da yawa. Amma zaƙin yakan tsaya a maƙogwaro ya daɗe. A ɗakin ƙasa yake matse shi ya zuba a manyan kwalabe. Ban taɓa zama mashayi ba, amma duk Kirsimeti yakan sauko mana da kwalba guda, in kurɓa don ladabi, in ƙara don bincike.

Maƙwabcinmu ta ɗaya gefen shingen wani Alhaji ne mutumin Nijar, mai shagon agoguna da jakunkuna, wanda shi da ƙannensa suka sayi siririn gidan da ke jikin namu. Daga duwatsun Azbin ya fito, kuma mahaifinsa na da garka mai rumman da lemo da inabi. Wato a unguwar nan duka, shi kaɗai ne Bahaushen da ya san kuringa tun yana yaro, kuma shi kaɗai ne ba zai taɓa ɗanɗana abin da ake yi da wannan ba. Rumfar Baba takan zubo da inuwa ta kan shinge, nan Alhaji yake kafa butar shayinsa ranar Lahadi da la'asar, shi da Baba suna musu da Turancin da kowannensu ya karya ta nasa gefen. Alhaji yana ganin hana shuka ruwa zalunci ne. Baba yana ganin mutumin da yake cin inabi ɗanye bai san abin da Allah ya nufa da shi ba.

“Malam,” Alhaji yakan ce mini, “gaya wa tsohon nan, inabi bawan Allah ne, shina salla har ran da anka sa shi cikin kwalba.”

In fassara. Baba ya ɗaga hannu sama ya ce, “Farfesa, gaya wa Hajji a cikin kwalba yake gama karatunsa.”

Haka muka yi shekaru, har wani hunturu a farkon shekarun casa'in da Baba ya faɗi a matakala. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga asibiti hannun dama ba ya riƙe cokali, balle almakashi, Turancinsa kuma ya zube ya bar shi da yaren ƙauyensu da 'yan kalmomi warwatse. Ɗansa, wanda ke da motocin gyaran famfo a New Jersey, ya zo ya zauna da mu a falo. Mutumin kirki ne, gajiyayye. Ya ce zai ɗauke mahaifinsa ya koma wurinsa, gidan kuma ba zai sayar ba, mu ci gaba da zama, amma bayan gidan zai zuba masa kankare don ya sami wurin ajiye motocin aiki. Rumfa za ta tafi. Baba yana kujera yana jin komai. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya faɗi wata kalma da ƙarfi. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, to, ya ji, za a bari sai an cire amfanin bana. Bayan kaka, kankare.

Na ce a yanki sanduna a dasa a wani wuri mana, kamar yadda muke yi wa rogo. Baba ya girgiza kai. Ɗan ya bayyana mini cewa an sha gwadawa: abokan mahaifinsa da dama sun karɓi sanda, ta tsiro da damina, sanyin farko ya kashe ta. Wadda kakansa ya zo da ita sa'a ce ta yi, kuma sa'ar ba ta maimaita kanta ba.

Da Maris ya kama, Baba ya sa na tura kujerarsa har gindin kuringar. Ni ne hannunsa a shekarar, shi yana nuni da sanda ina yankawa. Da muka zo kan wani dogon reshe da ya miƙa wajen shinge, na ɗora almakashi, sai ya ƙwale ni da sanda a gwiwar hannu. Ya nuna reshen, ya nuna ƙasa, ya zana layi da bakin sanda daga gindin kuringar, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya ɗaga sandar ya nuna filin Alhaji.

Alhaji, wanda ke tsaye ta can gefen yana kallonmu, shi ya fara ganewa, don ya ga mahaifinsa yana yi. Ba a yanke reshen. Ana haƙa rami a kwantar da shi a ciki yana manne da uwarsa, a binne tsakiyarsa, a bar kansa ya leƙo a wani wuri. Uwar tana shayar da shi har ya yi saiwar kansa, sannan a raba su. Sanda marainiya ce, wannan kuwa ɗiya ce a bayan uwa. Matsalar ɗaya ce: ƙasar da reshen zai iya kaiwa, wadda kankare ba zai rufe ba, ta Alhaji ce.

Alhaji ya gyara hula. “Malam, ka san ina ƙaunar tsohon nan. Amma wannan hwa itacen giya ne. In shigo da shi gidana da hannuna, gidan da ɗiyana ke karatun allo?”

Ban fassara ba, Baba ma bai nemi fassara ba. Ya ga fuskar.

Ranar Juma'a Alhaji ya hau jirgin ruwa ya hau jirgin ƙasa har unguwar Tremont, wurin malaminsu. Ya dawo da yamma ya same mu a bayan gida. Ya ce malam ya ce itace ba ya da laifi, niyyar mai shi ce abin dubawa. Don haka ga sharaɗi: za ta shigo, zai kula da ita kamar ta mahaifinsa, amma duk abin da ta haifa a gidansa ci za a yi, ko a shanya a yi zabibi. Ko ƙwaya ɗaya ba za a matse ba, ko shi, ko wani, ko bayan ransa.

Wannan sai da na fassara, da Turanci da hannu da kwaikwayon tauna. Na ga lokacin da maganar ta isa. Malbasiya, wadda kakanninsa suka yi ta tacewa tun kafin a san da Amurka, za ta ƙare a bakin yara kamar gyaɗa. Baba ya dubi rumfar ya daɗe. Ya faɗi wata doguwar magana da yarensu wadda na gode wa Allah ban iya ba. Sannan ya miƙa wa Alhaji hannun hagu, suka yi musafaha ta saman shinge.

Mu biyu muka haƙa ramin, zurfinsa ya kusa gwiwa, muka cire katako ɗaya na ƙasan shingen. Alhaji ya ɗebo yashi daga gindin uwar ya shimfiɗa. Baba ya sa na ɗan kankare bawon reshen ta ƙasa, inda saiwa za ta fito, muka lanƙwasa shi a hankali don kada ya ƙarye, muka danne da dutse, muka rufe. Ta gefen Alhaji wani ɗan tsinke ya leƙo da idanu biyu, aka kafa masa sanda. Uwargida ta leƙo ta ce manya uku sun yini suna binne igiya.

Sai dai lokaci bai isa ba. A al'adarsu shekara biyu ake barin ɗiya a jikin uwa. Da Baba ya ɗaga yatsu biyu, Alhaji ya ce, “Ka gani? Ko mu ba mu yaye yaro sai ya shekara biyu. Wannan yayen dole za a yi mata.” Damina ɗaya kawai muke da ita.

A watan Yuni kuringar ta yi wata irin haihuwa da ban taɓa gani ba, kamar ta ji labari. Nonna kore shar suka cika rumfa. Na yi wa Baba murna, na ce giyarsa ta ƙarshe za ta zama ta tarihi. Ya miƙo mini almakashi ya nuna nono na farko. Na ɗauka ragewa za mu yi, don yakan rage kowace shekara. Na yanke. Ya nuna na biyu. Ya nuna na uku. Da muka ci rabin rumfa na tsaya na dube shi, ya buga sanda. Alhaji ya ce a hankali, “Yanke, Malam. Uwa mai goyo ba ta ɗaukar wani ciki. So shike ƙarfin duka shi tahi ƙasa.” Na yanke su duka, shi yana kallo, bai kau da kai ko sau ɗaya ba. Muka cika kwanduna da inabin da ko tsuntsu ba zai ci ba. A cikin duk abin da na gani a ƙasar nan, ban ga abin da ya fi wannan yinin kama da ilimi ba, kuma na zauna a azuzuwa masu tsada.

A kan ruwa ne kawai Baba ya sassauta. Ya yarda Alhaji ya riƙa shayar da ɗiyar, tunda jaririya ce. Alhaji ya yi ta yi masa gori da wannan har kaka. Tsinken ya yi ganye, ya hau sandarsa, ya wuce tsayin mutum. Amma wannan ba shaida ba ce, don da nonon uwa yake yi. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba mai iya gani, kuma Baba ya hana a tona. A ƙarshen Agusta ya sa na yi wa reshen tsaga zuwa rabi, daidai inda ya shiga ƙasa ta gefenmu, don ɗiyar ta fara jin yunwa ta nemi na kanta. Alhaji ya ce ko a gida haka ake shafa wa nono maɗaci.

Ɗan ya zo a Satumba da kwanduna zai taya cire amfani, ya tarar da rumfa ganye zalla. Ya dubi mahaifinsa ya dube ni. “Na ɗaga aiki shekara guda saboda girbi, ina girbin?” Na kai shi bakin shinge na nuna masa. Ya dubi ɗiyar, hannu a aljihu. Daga baya ya ce zai ƙara mana har ganye ya zube, fiye da haka ba zai iya ba, ya riga ya yi magana da masu siminti.

Ganye ya zube a Nuwamba. Baba ya riƙe almakashin da hannun hagu, na ɗora hannuna a kan nasa, muka datse reshen da ya haɗa uwa da ɗiya. Alhaji ya tara yashi a gindin ɗiyar, aka kwance tsohon kafet ɗin uwar aka naɗa mata. Ranar da masu kankare suka zo, ɗan ya riga ya tafi da mahaifinsa, kuma na san da gangan ya yi. Gindin uwar ya fi cinyata kauri. Sai da suka sa zarto mai inji.

Hunturun ya yi tsanani, ƙanƙara ta rufe kafet ɗin har ba a ganinsa. Ba abin yi sai jira. Alhaji ya daina zancen, ni ma haka, mukan gaisa a bakin ƙofa mu yi maganar sanyi kamar Turawa. Da Maris ya zo muka kwance ta. Busasshiyar igiya ce, irin wadda na taɓa niyyar sharewa. Alhaji ya yi mata aski yadda ya ga Baba na yi, ya bar idanu biyu, yana yi yana cewa Allah ya yafe masa. Baba ya riga ya gaya mana alamar: in saiwa na da rai, idan ƙasa ta ɗumama za ta turo ruwa sama, bakin yankan ya yi ɗigo. In babu, zai bushe kamar alli.

Sati ya wuce, wani ya bi shi. Wata Asabar da hantsi ina gyaran takardun ɗalibai sai na ji ana dukan shinge.

“Malam! Malam! Hito ka gani, ɗiyar tsoho tana kuka!”

Na fita da silifa. A bakin yankan ga ɗigon ruwa guda, garau, yana rawa. Ya faɗi, wani ya taru. Muka tsuguna mu biyu muna kallo, ga motocin famfo a bayanmu a kan sabon kankare. Na buga waya New Jersey, ɗan ya kara wa mahaifinsa a kunne, na faɗa da Turanci a hankali. Sai na ji Baba yana magana da yarensu. Ɗan ya karɓa ya ce, “Me ka gaya masa? Ya ce in kawo masa hularsa.”

Sai a shekara ta uku Alhaji ya bar ta ta haihu, 'yan nonna kaɗan a kan rumfar da ya haɗa da bututun da masu kankare suka zubar. Yaransa suka ci, suka ce da Turanci ƙwallaye sun yi yawa. Sauran ya shanya a kan ragar taga, ya rufe da mayafi saboda zanzaro, har suka yi launin dabino. Muka ƙulla a leda muka tafi New Jersey a motarsa.

Baba ya rame, amma idon yana nan. Alhaji ya durƙusa ya zuba masa zabibin a tafin hagu. “Ga jikarka, tsoho. Ta musulunta, amma tana gaishe ka.”

Baba ya kai hanci ya shaƙa, ya daɗe. Ya sa ɗaya a baki, ya tauna, ya fitar da ƙwallon a hankali ya ajiye a gefen faranti. Ya faɗi kalma ɗaya, muka dubi ɗan.

“Wai an yi asara,” in ji shi.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta zame. Baba bai yi dariya ba. Ya gama na hannunsa, ya sake miƙo tafin.